Kafin Ka Sayi Tsohuwar Motar Shiga Daji

Wanda yake zaune nesa da kwalta ya san darajar mota mai ƙarfi. Ita ce take kai hatsi kasuwa, ita ce kuma take ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibiti irin na Galmi. Sabuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, saboda haka iyali ko jama'ar gari sukan haɗa kuɗi su nemi tsohuwar Land Cruiser ko Hilux. Darasinmu na yau shi ne: kuɗin da ka ba mai sayarwa somin-taɓi ne, kuma rayukan mutane za ka ɗora a kan abin da ka saya.

Me ya sa ake neman tsohuwar?

Kamfanin Toyota ya fito da Land Cruiser samfurin 70 a 1984. Daga 1990 aka fara sa mata injin gas da ake kira 1HZ, mai silinda 6 da girman lita 4.2. Injin ba shi da gudu sosai, amma yana da juriya, kuma makanikai daga Maraɗi har Agadas sun san cikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai wannan suna mai kyau shi ne yake rufe wa mai saye ido, har ya manta cewa motar ta yi shekaru tana shan wahala a hannun wani.

Ka duba abin da fenti ya rufe

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tafi da makanikin da kai ka zaɓa, ku je da sassafe tun inji yana da sanyi, gama injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa.

Na fari, ka shiga ƙarƙashin motar. Motoci da yawa da aka shigo da su ta Kwatano ko Lome sun yi aiki a Turai, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin sanyi, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Ka ƙwanƙwasa ƙashin motar da guduma. In tsatsa tana zuba, ko ka ga tsagewa da aka yi wa walda, ka haƙura da ita.

Na biyu, ka lura da hayaƙi. Shuɗi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai. Baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ba ta isa ba. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana iya nuna ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin baƙin mai. In ka ga abu kamar madara, ruwa ya gauraya da shi.

Na uku, ka kai ta cikin yashi ka sa giyar da ke jan ƙafa huɗu. In ƙafafun gaba ba su ja ba, ai ka rasa dalilin sayenta.

Na huɗu, ka gwada lambar da aka buga a jikin ƙashin motar da wadda take a takardar mallaka da ta kwastan. In sun saɓa, kada ka ba da ko sisi.

Gyara bi da bi

Kada ka zuba dukan kuɗinka a kan saye; ka ajiye wani kaso mai kauri domin gyara. Sa'an nan ka fara da abin da yake kiyaye rai: birki, sitiyari da taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. 2318 tana nufin mako na 23 na 2018. Tsohuwar taya tana iya fashewa a zafin bazara ko da zanenta bai cinye ba.

Bayan haka ka wanke lagireto, ka juye baƙin mai, ka sa sababbin matatan mai da na iska. Injin 1HZ yana da bel a gabansa mai daidaita bugun inji, wanda akan canza bayan kimanin kilomita 100,000. In ba ka san ranar da aka canza shi ba, ka canza yanzu, domin in ya tsinke a hanya yakan lalata inji. Fenti da kujeru su zo a ƙarshe.

Tambayoyi domin tunani

1. In na biya kuɗin motar, me zai rage mini na gyara?
2. Wane ne zai riƙa duba ruwa da baƙin mai kowace safiya?
3. In na tashi sayar da ita wata rana, zan faɗa wa mai saye gaskiyar ciwonta kamar yadda nake so a faɗa mini yau?

Ka yi shawara da waɗanda suka riga ka, kada ka yi gaggawa. Allah ya ba mu hikima, ya kiyaye hanya.