Yadda Ake Saye da Riƙon Keken Hawan Tudu Mai Batir a Kano

Keken hawan tudu mai batir keke ne da aka ƙera domin hanyar da babu kwalta, mai duwatsu da ramuka da gangare, sannan aka ɗora masa ƙaramin injin lantarki da ke ƙara wa ƙafar mahayi ƙarfi a duk lokacin da ya taka feda. Bambancinsa da babur shi ne ba ya tafiya da kansa, domin a cikin injin akwai na'urar da ke auna nauyin takun mutum ta ninka shi, idan kuwa ƙafa ta tsaya to taimakon ma ya tsaya. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya fara fitar da keke mai irin wannan tsari kasuwa a shekarar 1993, kuma a yau dokar ƙasashen Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙarfin injin a kan wat 250, tare da sharaɗin ya daina taimakawa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, yayin da wanda aka yi domin kasuwar Amurka kan kai kilomita 32.

Kano ba baƙuwar keke ba ce, tun da kamfanin Raleigh na Ingila ya taɓa harhaɗa kekuna a cikinta, kuma an daɗe ana ganin ma'aikata suna kwarara zuwa Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa cikin unguwannin masana'antun birnin, kowa bisa sirdinsa tun da sassafe. Abubuwa biyu ne suka sake jawo hankali ga batun sufurin ma'aikaci: hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni da gwamnatin jihar ta yi a watan Janairun 2013, da kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama kafin ƙarshen 2024. Ga injiniya ko manajan da ke zirga-zirga tsakanin unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa, a kan titunan da manyan tireloli suka cinye gefensu, keke mai kaurin taya da shakazoba gaba da baya yana da amfani na zahiri, ba kayan ado ba ne kawai.

Matakin farko shi ne mai saye ya tantance buƙatarsa da gaskiya kafin ya dubi hoton kowane keke. Masu daraja daga kamfanoni irin su Specialized da Trek da Giant da Cube ana sayar da su daga wajen dala 5,000 zuwa sama da dala 10,000, wato kuɗin da ya isa sayen mota ta hannu, kuma wanda abin da yake so bai wuce zuwa aiki da dawowa a kan kwalta ba, zai biya buƙatarsa da keken lantarki na gari mai sauƙin kuɗi ƙwarai. Wanda ya dace da babban keken shi ne mai haɗa zuwa aiki da fita daji a ƙarshen mako, wajen duwatsun Rano ko hanyoyin gonaki na Kura da Madobi. Ko shi ɗin ma, abin da ya kamata ya riƙe a ransa shi ne cewa a Kano ba sunan da ke jikin keke ake saye ba, batir da inji da hanyar samun kayan gyara ake saye, domin ranar da ɗaya daga cikin ukun nan ya yanke, abin da zai rage a hannunsa ƙarfe ne mai nauyin kilo 22 zuwa 25 da ba ya tuƙuwa da daɗi.

Daga nan sai zaɓen inji. Iri biyu ne: wanda ake sakawa a cibiyar tayar baya, da wanda ake dasawa a tsakiya inda feda take juyawa. Na tsakiyan ne ake samu a kekuna masu tsada, saboda ƙarfinsa yana bi ta sarƙa da giya, don haka yana hawan tudu ba tare da ya yi zafi da wuri ba, kuma nauyinsa yana zaune ƙasa a tsakiyar keke. Ana auna ƙarfin murɗawarsa da ma'aunin niyuton-mita, inda fitattu irin su Shimano EP8 da Yamaha PW-X3 ke bayar da 85, haka shi ma Bosch Performance Line CX ya daɗe a kan wannan adadi a baya. Tun da ƙarfin nasu kusan ɗaya ne, abin dubawa shi ne wanne ne mai shi zai iya sabunta manhajarsa da karanta saƙon matsalarsa ta wayar hannu, kuma wanne ne ake samun kayansa a Dubai ko Turai ba tare da dogon jira ba. Waɗannan injina a rufe suke zuwa, ba a yi su domin a kwance a bakin titi ba, kuma kwance su kan soke garanti.

Batir shi ne abu mafi tsada da ke tsufa a jikin keken. Na lithiyam ne, irin na waya amma ƙwayoyi masu yawa a jere, kuma ana auna cikinsa da wat-awa, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa; na manyan kekuna kan kama daga 500 zuwa 800, wanda kan kai mutum kilomita 40 zuwa 80 gwargwadon nauyinsa da irin hanya da yawan taimakon da ya nema daga inji. Ya kamata a fifita keken da batirinsa ke ciruwa da makulli, saboda dalilin da zai bayyana a wajen caji. Idan na hannu za a saya, wanda aka yi amfani da shi a Turai, wajibi ne a nemi rahoton dillali da ke nuna sau nawa aka yi wa batirin cikakken caji da abin da ya rage na ƙarfinsa, a nemi rasit na asali, a kuma gwada lambar da ke buge a ƙarƙashin gangar jikin keken da wadda ke takarda, domin satar kekuna masu tsada ta yawaita a can, wasu kuma suna da makullin manhaja da ke hana inji aiki sai da wayar mai shi na farko.

Sauran zaɓin ba shi da wuya. A ɗauki girman da ya dace da tsawon mahayi bisa jadawalin kamfani, a fifita gangar jiki ta alminiyam a kan ta zaren kabon, wadda ta fi sauƙin nauyi amma tsagewarta kan ɓoye kuma gyaranta sai ƙwararre, a kuma lura da irin man da birki ke sha, tun da na Shimano man ma'adini ne, da yawa daga na SRAM kuwa man birkin mota ne samfurin DOT, kuma zuba ɗaya a madadin ɗaya yana lalata robobin ciki.

Shigo da keken ne inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Ƙa'idar jiragen sama ta duniya ta hana fasinja ɗaukar batirin lithiyam da ya wuce wat-awa 160, saboda haka wanda ya yi tunanin zai sauka da kekensa a filin jirgin Malam Aminu Kano cikin kayansa zai bar batirin a can inda ya taso. Dole ya zo a matsayin kaya masu haɗari ta hannun kamfanin dakon da ke da izinin hakan, ko ta jirgin kaya ko ta ruwa zuwa Legas. Mai shigowa a matsayin haja yakan buɗe takardar Form M ta banki, ya nemi shaidar inganci ta SONCAP, ya biya kuɗin kwastan ta hannun ejan mai lasisi, kuma ga masu masana'antu a Challawa akwai tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun 2023, kusa da su. Hikima ita ce a cusa kayan gyara na shekara biyu cikin kwali ɗaya da keken: sarƙa biyu ko uku, takalman birki, taya guda, ruwan toshe huji, da ɗan ƙarfen nan da ke riƙe da na'urar sauya giya, wanda aka yi shi domin ya karye a madadin gangar jiki idan an faɗi, kuma sau da yawa kowane samfurin keke da irin nasa. A duba rubutun jikin caja a tabbatar tana karɓar wuta mai ƙarfin bolt 230, domin wasu na kasuwar Amurka an yi su ne don 120.

Bayan an harhaɗa keken, an ɗaure kusoshi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, an hura shakazoba da ƙaramin famfonta daidai nauyin mahayi, sai a koma kan taya. Babban abokin gabar taya a ƙasar Kano tsidau ne, ɗan tsiron nan mai shimfiɗuwa a ƙasa da 'ya'yansa masu ƙaya ke warwatsuwa a gefen hanya bayan damina. Maganinsa shi ne a cire tib gaba ɗaya a zuba farin ruwan roba a cikin tayar, ta yadda idan ƙaya ta shiga aka zare ta, za a ji ɗan huci, a ga ɗigon fari kamar nono ya tsattsafo, a juya tayar sau biyu hujin ya toshe. Sai dai zafin Kano yana busar da ruwan da wuri, don haka a riƙa girgiza tayar duk bayan wata biyu a saurara, in ba a ji motsinsa ba a ƙara.

Caji ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin nan ne keken ke daɗewa ko ya mutu da ƙuruciyarsa. Kuɗin wutar kansa ba abin damuwa ba ne: ko da farashin rukunin Band A na watan Afrilun 2024, naira 225 a kan kowane yunit, cika batir mai wat-awa 750 bai wuce naira 200 da 'yan kai ba. Abin tsoro shi ne zafi da rawar wuta. Masu ƙera batir suna so a yi caji a yanayin da bai kai digiri 40 ba, a kuma ajiye shi a wuri mai sanyi-sanyi, alhali a watan Afrilu da Mayu iskar Kano kanta kan haura 40 a inuwa, balle ɗakin maigadi mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana, inda sirdin keke ma ba ya taɓuwa. Don haka idan an iso wurin aiki a cire batirin a shiga da shi ofis, a bar shi ya huce na rabin awa, sannan a jona shi a kan siminti ko tayil, nesa da takardu da ledoji da sinadarai, kuma a gaban idon mutum, ba a kulle shi cikin ɗaki a tafi gida ba. A masana'antar da ake sauyawa tsakanin wutar KEDCO da janareta sau da dama a yini, cajar na buƙatar sitabilaiza mai kyau, ko kuma a ɗauki wutar daga inbatar sola, wadda ta fi kwanciya. Cajar da ta zo da keken kaɗai za a yi amfani da ita. Idan za a yi tafiya a bar shi makonni, a bar batirin da kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari, ba cike ba kuma ba fanko ba. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya tsage, ko yake wari, a fitar da shi fili nan take kada a sake jona shi, domin gobarar lithiyam tana da wuyar kashewa, kuma a unguwar da ke cike da robobi da auduga da fatu ba mai keken kaɗai za ta shafa ba.

Ƙura da ruwa su ne abin tsoro na biyu. A lokacin hunturu ƙurar buji tana haɗuwa da mai a kan sarƙa ta zama baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa, shi ya sa baƙin man inji, wanda masu gyaran keke suka saba shafawa, bai dace ba; a yi amfani da man sarƙa mai bushewa ko na kakin zuma, a goge abin da ya yi saura da tsumma. Tun da ƙarfin inji da na ƙafa duka ta sarƙa suke bi, tana miƙewa da wuri, kuma akwai ɗan ma'aunin ƙarfe da ke nuna lokacin da miƙewar ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, inda ya kamata a sauya ta kafin ta cinye haƙoran giya masu tsada. Da damina kuma, ruwan da ke kwanciya kusa da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa kan ɗauki gishiri da sinadaran jimar fata, waɗanda ke cin alminiyam da bakin wayoyi, saboda haka wanda ya ratsa shi ya wanke keken a ranar, da bokiti da soso, ba da injin feshin masu wankin mota ba, wanda ke tura ruwa cikin boris da cikin inji. Shakazobar gaba tana son a sauya mata mai bayan kimanin awa 50 na hawa, kuma a irin wannan ƙura gara a yi kafin lokacin.

Masu gyaran keke na Kano gwanaye ne wajen miƙe gare-gare da ɗaure wayoyin taya da saita giya, kuma ya fi kyau mai keken ya zaɓi guda ɗaya mai natsuwa, ya kawo masa kayan aikin da suka dace, su koyi keken tare, bisa yarjejeniyar cewa inji da batir ba a buɗe su. A kan hanya kuwa, hular kwano da fitilar gaba da ta baya wajibi ne, musamman da yake keken ba ya ƙara kuma yana gudu fiye da yadda direban tirela ko na Adaidaita Sahu ke zaton keke zai yi. Kada a taɓa shiga gefen babbar mota a bakin ƙofar masana'anta inda take shirin karya kwana. A wurin ajiya a ɗaure gangar jiki da ƙarfe kafaffe, a tafi da batir, a kuma adana hoton lambar keken da rasit a waya.

Bayan shekara huɗu ko biyar na hawan yau da kullum, mahayi zai lura cewa tafiyar da caji ɗaya ke kai shi ta ragu, kuma a lokacin ne ya kamata ya yi odar sabon batir, tun kamfanin bai daina yin irinsa ba, ta hanyar dakon da ya bi da farko. Tsohon kuma ba na juji ba ne, ba kuma na 'yan gwangwan da za su fasa shi da guduma ba. A liƙe bakin wayoyinsa da salatif, a ajiye shi cikin akwatin ƙarfe da yashi a wuri mai inuwa har a miƙa shi ga masu karɓar tsofaffin baturan lithiyam.