Taimakon Gaggawa Ga Mai Farfaɗiya Da Yaro Mai Jijjiga

Darasinmu na kiwon lafiya a wannan fitowa ya shafi abin da kan faru a gidajenmu, da makarantun Islamiyya, da wuraren biki da suna: mutum ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, idanu sun kafe, kumfa na fita daga baki. Galibi mace ce a kusa idan hakan ta faru, don haka abin da hannunta zai yi a mintuna biyar na farko shi ne zai taimaki mara lafiyar ko ya ƙara masa wahala.

Me ke faruwa a jikin?

Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga jiki ne ta hanyar wani ɗan lantarki da Allah Ya halitta a cikinta. Idan wannan lantarki ya rikice na ɗan lokaci, sai jiki ya sandare, sannan ya shiga karkarwa, mutum bai san inda yake ba. Yawanci abin kan tsaya da kansa cikin minti ɗaya zuwa uku. Wanda abin ke maimaita masa ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba, shi ake cewa yana da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kuma kusan 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 kan yi taune-taune saboda zafin zazzaɓi. Zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da faɗuwar sukari a jini, da buguwa a ka, duk suna kawo ta. Haka kuma mai ciki ko mai jego kan yi jijjiga saboda hawan jini.

Haɗarin yana maƙogwaro

Karkarwar da ke tayar mana da hankali ba ita ce ta fi haɗari ba. Babban haɗarin shi ne toshewar hanyar numfashi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ba ya iya tari. Idan yana kwance rigingine, yawu da amai sukan taru a maƙogwaro, harshe kuma ya saki ya koma baya ya tare hanya. Duk abin da aka ɗura masa a wannan hali, ruwa ne, manja ne, jiƙo ne ko rubutu, huhu zai iya wucewa maimakon ciki. Daga nan sai shaƙewa nan take, ko ciwon huhu bayan kwana biyu.

Ana yawan cewa a sa cokali don kada ya haɗiye harshensa. 'Yar uwa, ɗaga harshenki ki duba madubi, za ki ga tantanin da ya ɗaure shi da ƙasan baki. Harshe ba ya haɗiyuwa. Cokali kuwa yana karya haƙori, gutsuren ya faɗa maƙogwaro. Idan yatsa kika sa, muƙamuƙin mai jijjiga yana da ƙarfin da zai ji miki mummunan rauni. Cizon harshe yana warkewa cikin 'yan kwanaki, to kin ga ba dalilin jawo babbar matsala don gudun ƙarama.

Abin da za ki yi yana cikin jijjiga

1. Ki natsu, ki dubi agogo ko waya ki riƙe lokacin da abin ya fara. Mai ruɗewa minti biyu sai ta ga kamar awa ce.
2. Idan yana tsaye ko zaune, ki tallafe shi ya kwanta a ƙasa. Ki janye murhu, tukunya, ruwan zafi, wuƙa da kujera daga kusa da shi. Kada ki ja shi zuwa wani wuri sai idan yana bakin wuta, rijiya ko titi.
3. Ki naɗe zane ko ɗankwali ki sa masa ƙarƙashin kai.
4. Ki sassauta duk abin da ya matse wuya: hijabi, maɓallin riga, sarƙa. Ki cire tabarau idan akwai.
5. Ki juya shi ya kwanta ta gefe, bakin yana kallon ƙasa kaɗan, don yawu ya zubo waje. Idan karkarwar ta yi ƙarfi, ki jira ta lafa sannan ki juya shi.
6. Ki sallami 'yan kallo don ya samu iska, ki bar mutum ɗaya ko biyu masu taimako.
7. Ki rufe masa jiki da zane mara nauyi, amma ban da fuska. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wata mata mai farfaɗiya ta roƙi Manzon Allah (SAW) ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, ya kuwa yi mata. Suturta mara lafiya haƙƙinsa ne a kanmu.

Abin da ba za ki yi ba

Kada ki danne shi don tsayar da karkarwa, ba za ta tsaya ba, sai dai a goce masa kafaɗa. Kada ki sa komai a bakinsa. Kada ki sheƙa masa ruwa. Kada a turara masa hayaƙi ko a matsa masa albasa a hanci da ido, domin mai neman iska ba hayaƙi yake buƙata ba. Kada a kanga ƙafar yaro a wuta, ƙuna kawai za a bar masa. Addu'a kam ki yi ta da bakinki, hannunki yana aikin da muka lissafa. Babu abin da ya hana haɗa biyun.

Kada kuma ki gudu. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko kumfa, ko fitsari, ko cin abinci a kwano ɗaya. Wannan camfin ya sa an bar mutane da dama sun ƙone a wuta ana tsaye ana kallo.

Bayan jijjigar ta tsaya

Ki bar shi a kwance ta gefe. Ki lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama don kada ya kife, ki sa tafin hannunsa ƙarƙashin kumatu, sannan ki ɗan ɗaga haɓarsa don maƙogwaro ya buɗe. Jariri ba a tanƙwara masa kai baya sosai, a daidaita shi kawai. Ki goge abin da ya fito bakin da tsumma mai tsabta, ba tare da cusa yatsa can ciki ba. Ki dubi ƙirji ko yana ɗagawa, ki kara kunnenki kusa da hancinsa.

Zai iya yin minshari, ko barci, ko ya farka a ruɗe bai gane kowa ba. Ki yi masa magana a hankali, ki gaya masa inda yake. Idan ya yi fitsari a jiki ki rufa masa asiri. Ba ruwa, ba abinci, ba magani har sai ya farfaɗo sarai yana amsa magana daidai.

Idan kuwa jijjiga ta tsaya amma babu numfashi, ki kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ki sa wani ya nemo mota ko ma'aikacin lafiya, ki fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti. Wannan aiki ya fi kyau a koye shi da hannu, don haka yana da kyau kowane reshe ya gayyato ma'aikaciyar jinya ta nuna wa mata a taron wata.

Yaushe za a garzaya asibiti?

- Jijjiga ta wuce minti 5.
- Wata ta biyo bayan wata bai farfaɗo a tsakani ba.
- Wannan ne karo na farko.
- Numfashi na wahala, ko leɓe ya ci gaba da yin duhu.
- Ya ji rauni a ka, ya ƙone, ko a cikin ruwa abin ya same shi.
- Mai ciwon sukari ne.
- Yaro ne mai zazzaɓi, musamman idan wuya ya sanƙare ko ya kasa farkawa.
- Mai ciki ce ko mai jego.

A hanya ma a gefe za a kwantar da shi, kada a zaunar da shi kai na lilo, kada kuma a goya yaro a baya inda ba a ganin fuskarsa. Yaro mai zazzaɓi a rage masa kaya, kada a tsoma shi a ruwan sanyi.

Ta mai ciki ba ta jira ko minti ɗaya. A kwantar da ita ta gefen hagu a tafi, ko da ta farfaɗo ta ce ta ji sauƙi, domin rai biyu ne a ciki kuma abin yakan dawo. Akwai allurar da ake yi mata a asibiti mai hana shi dawowa. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu su ne alamun da kan riga ta zuwa, shi ya sa awon ciki yake da muhimmanci.

Ga mai farfaɗiya a gida

Ta riƙa shan maganinta kullum a kan lokaci, ko da ta yi watanni ba ta faɗi ba. Dainawa farat ɗaya yana jawo jijjiga mai tsanani. Rashin barci ma yana tayar da ita. Kafin azumi, da kuma kafin ɗaukar ciki, ta ga likita, domin akwai magungunan da ake sauyawa saboda jariri. Kada ta yi girki a murhu ko jan ruwa a rijiya ita kaɗai, kada ta kulle banɗaki ta ciki. Ban da wannan, za ta yi karatunta, ta yi aure, ta haihu kamar kowa.

Don Allah wadda ta karanta ta koya wa 'ya'yanta manya, da kishiya, da maƙwabciya, da malamar ajin yaronta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allahu.