Utricularia: Yadda ake rainon shukar da ta fi kyamarar waya sauri

Utricularia shuka ce mai cin ƙananan halittun ruwa, kuma tana da nau'i sama da 200 a duniya. Wadda ta fi sauƙin raino a gida ita ce Utricularia gibba, mai kama da koren zare da ya cukurkuɗe. Ba ta da saiwa ko ɗaya, shawagi kawai take yi a ruwa. Ana samunta a kowace nahiya ban da Antatika, har da kududdufan Afirka ta Yamma.

A jikin zaren akwai 'yan jakunkuna da ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba, su ne tarkon. Jakar takan tsotse ruwan cikinta ta fitar, sai bangonta ya lotsa kamar robar ruwa da aka matse aka rufe bakinta. Da zarar wata halitta ta taɓa gashin da ke bakin ƙofar, sai ƙofar ta buɗe, ruwa ya afka ciki ya ja ta. A shekarar 2011 masu bincike a Grenoble ta Faransa sun ɗauki wannan da kyamara ta musamman, suka nuna zuƙar kan ƙare cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa.

Yawancin wayoyi na ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya a hoto 240 cikin daƙiƙa guda, wato tsakanin hoto da hoto akwai kusan kashi huɗu bisa dubu na daƙiƙa. Saboda haka a hoto ɗaya za a ga ƙwaro a waje, a na gaba yana ciki. Ko wayar da ke kai wa 960 da ƙyar take kama wani abu. Duk da haka, ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙala wa kyamara yana fito da jakar tar, har da abin da ta haɗiye.

Abin da ke kashe wannan shuka a hannun sabon shiga shi ne yawan gata. A ruwan da ba shi da abinci ta saba rayuwa, shi ya sa ma ta koma farauta. Idan aka zuba mata taki, gansakuka ce za ta fara amfana, ta nannaɗe zaren har ya ruɓe. Don haka ba taki, ba tarin kifi, ba famfo mai kaɗa ruwa.

Ruwan sama ya fi dacewa. Ruwan rijiya ko na burtsatse a wurare da dama na ɗauke da gishiri da ma'adanai masu yawa, kuma ido ba ya gane hakan. A nan mitar TDS, mai siffar biro, take da amfani: a tsoma bakinta a ruwa ta nuna lamba. Ƙasa da 100 ya yi, ƙasa da 50 ya fi. Shukar ta fi son ruwa mai ɗan tsami, pH tsakanin 5.5 da 6.5. Tafin hannu guda na busasshen karan shinkafa da aka tafasa aka sa a ƙasan tankin yana taimakawa. Yayin da yake ruɓewa a hankali yana sakin iskar kabon da shukar ke buƙata, ruwan ya yi launin shayi, ƙananan halittun da za ta ci su hayayyafa. A bar ruwan ya kwanta kamar mako biyu kafin a saka ta.

Haske na awa 10 zuwa 12 a rana ya isa. Fitilar LED mai aiki da USB ta wadatar da tanki ko kwalba mai cin lita 10, kuma batirin cajin waya zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. Soket mai agogo ya fi dogaro da tunawa. Ranar la'asar ta watan Afrilu kuwa dafa ƙaramin tanki take yi, gara a ajiye shi inda hantsi kawai ke taɓawa.

Ruwa a kwance cikin ɗaki gidan sauro ne. Kada a yarda da zancen cewa shukar za ta cinye tsutsarsa duka: tarkon gibba ƙarami ne, sabuwar ƙyanƙyasa kawai yake iya kamawa. A rufe bakin tankin da yankin gidan sauro.

Mai niyyar ɗebo ta daga kududdufi ya sa safar hannu ta roba, kuma kada ya shiga ruwan, domin wasu katantanwar irin wannan ruwa na yaɗa tsargiya. A ɗauraye zaren da ruwan sama, a tsince duk katantanwar da ta maƙale. Idan shukar ta yi yawa a shanya rarar ta bushe, kar a watsa ta a rafi. A Niyu Zilan ta riga ta zama annoba a wasu tafkuna.

Idan ruwan bai yi zurfi ba kuma haske ya wadata, gibba kan miƙo siririn kara sama da ruwa ta fitar da ƙaramin fure rawaya.