HAƘURI TUN A GOYO AKE FARA KOYONSA



'Yan uwa, da yawanmu muna kukan cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, a Islamiyya ma ba sa iya zama wuri ɗaya. To yaushe yaro yake fara koyon riƙe kansa? Tun yana goye.

Sabon jariri idan ya ƙura wa abu ido, da ƙyar yake iya ɗauke idon da kansa. Sai wajen wata 3 zuwa 6 yake fara juya hankalinsa daga wannan abu zuwa wancan. Da wannan baiwar ce idan hayaniya ta yi masa yawa yake kau da kai, ya tsotsi yatsa, ya huce. Kafin ya kai nan, uwa ce take yi masa aikin: ta ɗauka, ta jijjiga, ta yi masa tawai. Da natsuwarta yake natsuwa, har ya samu tasa.

Wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya yi gwaji a shekarun 1970. Uwa tana cikin wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska ta yi shiru na 'yan mintoci. Yaron ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi gwaranci don ya jawo ta. Da ya ga babu amsa, sai ya juya kai, ya rikice da kuka. Don Allah, fuskar wanda ya duƙufa a kan waya ba haka take ba? Har da mu maza fa, kada a ce da mata kawai nake.

Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, idan ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda damuwar da uwarsa za ta shiga. Kuma ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab. To ina masu cewa "ƙyale shi ya yi ta kuka kada ya sangarce"? Jaririn wata huɗu bai san dabara ba, buƙata ce ta sa shi kuka.

Miƙa masa waya kuwa shiru kawai take sa shi, ana karɓewa rigimar ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara ɗaya ba gaban waya ko talabijin sam.

Idan kina shayarwa, ajiye wayar, ki kalle shi. Abin da ya kalla ki faɗa masa sunansa. Idan ya kau da kai kada ki matsa masa, hutawa yake yi, zai waiwayo.

Allah Ya shirya mana zuri'armu.