Girkin Dare Bayan Tashi Daga Kamfani: Naman Sa da Kayan Lambu da Zoɓo

A Kano, wanda ya yini a tsaye gaban inji a Sharada ko Bompai, ko a kamfanonin fata na Challawa, ba ya isa gida da ƙarfin girkin awa biyu. Shi ya sa da yawa suke ƙarewa a teburin mai shayi, indomi da ƙwai yau da gobe, har jiki ya fara nunawa. Ga girkin mutum uku da za a ɗora bayan sallar magariba, a sauke kafin a kira isha'i.

Mataki na 1: zoɓo, tun da safe. Kafin ka fita aiki, ka wanke zoɓo cikin hannu biyu, ka tafasa shi minti 10 da citta da kanunfari kamar guda biyar. Sauke, rufe, ka tafi abinka. Kada ka sa sukari sai dare.

Mataki na 2: naman. Duk girkin a kansa ya dogara. Ka ce wa mahauci, "Malam, tsokar nan mai laushi nake so, wadda ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki." Doguwa ce, ɓangare ɗaya kauri ɗaya siriri, kusan babu kitse. Saniya ba ta wahalar da ita wajen tafiya, shi ne dalilin laushinta. Biyu ce tak a jikin kowace dabba, don haka ba ta daɗewa a kan teburi. Gara ka saba da mahauci ɗaya ka riƙa yi masa magana tun jiya. Rabin kilo ya wadatar. Ka saya a hanyarka ta komawa gida, ɗanyen nama ba ya yini cikin leda a zafin Kano.

Kayan lambu kuwa, dankalin turawa shida, karas uku, kwatan kabeji, koren tattasai, albasa babba da attarugu biyu. Mai aiki a Bompai ya yi sa'a, kasuwar 'Yankaba na kusa da shi.

Mataki na 3: da shigarka gida, fere dankali da karas, yanka su manya-manya, ɗora a ruwan gishiri. Minti 10 ya isa. Su nuna, amma kada su farfashe.

Mataki na 4: gyaran nama, dankali na kan wuta. Za ka ga wani farin tantani mai sheƙi a bayan tsokar. Zura bakin wuƙa ƙarƙashinsa ka ɗaye shi, domin in ya ji wuta takurewa yake yi, ya murɗe naman, haƙori kuma ba ya cin sa. Yanka naman a kwance, kana datse zaren tsokar, kowane yanki kaurin babban yatsa. Ka tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, sannan ka shafa gishiri da masoro da dakakkiyar tafarnuwa.

Mataki na 5: suya. A nan ne mutane suka fi ɓata wannan nama. Mun saba da tafasa nama kafin a soya, kuma daidai ne ga ƙauri da wuya. Wannan tsoka kuwa tafasa na kashe ta, ta fito a bushe kamar igiya, ka yi asarar kuɗinka. Ɗora kasko ya yi zafi sosai, zuba man gyaɗa cokali biyu, ka jera naman da tazara. In ka cunkusa shi, ruwa zai fitar ya koma dahuwa. Bar shi minti 3 zuwa 4 ba taɓawa, sai ƙasan ya yi ja ya saki kaskon da kansa, sannan ka juya. Yanka guda ɗaya ka duba: in babu jini, ya yi. Kwashe, barbaɗa yajin ƙuli, rufe minti 5 ruwan ya koma cikinsa. Yajin a ƙarshe ake sa shi, don ƙuli saurin ƙonewa yake yi ya kawo ɗaci.

Mataki na 6: kada ka wanke kaskon, daɗin yana cikin abin da ya kama a gindinsa. Soya albasa da attarugu a ciki, zuba dankali da karas su ɗan yi ja, sai kabeji da tattasai minti 2 kawai, a ci su da ɗan ƙaras-ƙaras. Ruwan da naman ya zubar a kwano, juye shi a kai.

Mataki na 7: tace zoɓon, ka sa sukari kaɗan. A ganina lemon kwalba ba abokin wannan abinci ba ne, zaƙinsa danne ɗanɗanon nama yake yi. Tsamin zoɓo kuwa yana wanke maiƙo daga baki, kowace loma ta zo sabuwa. In babu wutar lantarkin sanyaya shi, ƙanƙarar da za ka saya a shagon unguwa ta isa. Wanda tsamin zoɓo ke damun cikinsa da dare, ya sha kunun aya mai sanyi.