Darasi Na Bakwai: Su da Kamun Manyan Kifaye a Ƙarshen Lokaci

Gabatarwa

Su yana ɗaya daga cikin sana'o'in gargajiya na Bahaushe. Ga mazauna Gangara da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kifi abinci ne kuma abin sayarwa ne. Sai dai akwai wani nau'in su wanda ba don cefane ake yin sa ba, ana yin sa ne don nishaɗi da gwada bajinta, kuma burin mai yin sa shi ne ya kamo kifin da ya fi na kowa girma. Wannan darasi zai yi bayanin irin wannan su a ƙasar Hausa, sa'an nan ya kwatanta shi da kamun kifin salmon a teku.

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bambanta sun sana'a da sun nishaɗi.
2. Bayyana dalilin da ya sa ake samun manyan kifaye a ƙarshen lokaci.
3. Kawo dokokin da ke kare kifi a al'adance da kuma a hukumance.

Ma'anar Su da Kayan Aikinsa

Idan aka ce su, ana nufin kama kifi a gulbi ko tabki ko madatsar ruwa. Mai wannan sana'a shi ake kira masunci, jam'i masunta. Waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni a yankin Kabi da Yawuri su ne Sarkawa, shugaban masunta kuwa shi ne Sarkin Ruwa. Daga cikin kayan aikinsu akwai homa da koma da birgi da taru da fatsa da mamari da gora da kwalekwale. Kifayen da aka fi sani sun haɗa da tarwaɗa da karfasa da kurungu da gaiwa da ramboshi, sai kuma babbansu, wato giwan ruwa.

Lokacin Su a Yankin Jibiya

Gulbin Gada shi ne babban ruwan wannan yanki. Yakan ratsa ƙasar Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, inda ake kiran sa Gulbin Maraɗi, daga bisani ya sake dawowa Nijeriya ya haɗe da Gulbin Rima. Gulbi ne na damina, da rani sai rairayi. Da aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a kansa, sai aka sami ruwan da ke kwana ya shekara, su ya zama sana'ar yau da kullum ga wasu mazauna yankin. A tsallaken iyaka kuma akwai tabkin Madarumfa, kusa da Maraɗi, wanda shi ma matattarar masunta ce.

Rayuwar kifi tana bin zagayowar shekara. Da damina, idan ruwa ya cika ya malala fadamu, yawancin kifaye sukan bazu su saka ƙwai. Da kaka 'ya'yan sukan tasa, manyan su yi ƙiba. Idan hunturu ya wuce bazara ta kama, sai ruwa ya ja baya, kifaye su tattaru a gurabe masu zurfi. A nan ne masunci yake cin karo da manyan kifayen da suka shekara suna ɓoye masa. Ke nan ƙarshen lokaci shi ne lokacin babban kamu. Amma kuma waɗannan manyan su ne iyayen da za su yi ƙwai da zarar ruwan sama ya sauka. Idan aka kwashe su duka, an ci iri.

Sun Nishaɗi: Misalin Argungu

Babu inda sun nishaɗi ya shahara a ƙasar Hausa kamar Argungu ta Jihar Kebbi. An fara bikin a matsayinsa na yanzu a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. Akan yi bikin ne a tsakanin watan Fabrairu da Maris, wato daidai lokacin da ruwa ya ja baya. A ranar ƙarshe, da zarar an ba da alama, dubban masunta sukan ruga cikin ruwan Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, a yi ta lalube na kimanin awa guda. Wanda kifinsa ya fi nauyi a ma'auni shi ne zakara. A bikin 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Hukumar UNESCO ta sanya wannan biki cikin jerin al'adun duniya da aka gada a shekarar 2016.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan manyan kifaye ba sa samuwa da ka. Ana hana su a Matan Fada tsawon shekara, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsare wannan doka. Haka kuma, a ranar gasa kayan gargajiya kawai ake yarda a shiga da su. Wato haƙurin wata goma sha ɗaya shi ke haifar da bajintar awa ɗaya.

Kamun Salmon a Teku

Salmon kifi ne na ƙasashe masu sanyi, ba a samun sa a ruwayen ƙasar Hausa. Mafi girma daga cikin ire-irensa na Tekun Pasifik shi ne Cinuk, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin salmon. Ana ƙyanƙyashe shi a gulbi, ya gangara teku ya yi 'yan shekaru yana kiwo, sa'an nan ya komo ainihin gulbin da aka ƙyanƙyashe shi domin ya hayayyafa. Da ya gama, sai ya mutu.

A gaɓar yammacin Amurka da Kanada, masu sun nishaɗi sukan fita teku cikin ƙananan jiragen ruwa masu inji. A wurare da yawa, watan Agusta da Satumba su ne ƙarshen lokaci, domin a sa'an nan ne kifayen da suka gama ƙiba suke taruwa kusa da bakin gulabe, suna shirin hawa. Masunci yakan ɗaura ƙaramin kifi ko wani ƙarfe mai ƙyalli a ƙugiya, ya sa dalma mai nauyi ta nutsar da zaren, jirgi yana tafiya sannu a hankali yana jan sa. Idan babban kifi ya haɗiya, akan daɗe ana ja-in-ja kafin a shigo da shi jirgi. Mafi girman Cinuk da aka taɓa kamawa da fatsa ya kai kimanin kilo 44, kuma a Gulbin Kenai na Jihar Alaska aka kama shi a shekarar 1985.

A can ma doka ce ke riƙe da wasan. Sai da lasisi ake fita, kuma akwai adadin da ba a wucewa a yini. A wasu yankuna na Jihar Washinton, kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, wanda aka yanke wa ɗan ƙaramin fiffiken bayansa don shaida, shi kaɗai ake tafiya da shi gida, na dawa kuwa a sake shi. Da yawan kifin ya ragu ƙwarai, an rufe kamun salmon a tekun Kalifoniya baki ɗaya a 2023 da 2024.

Kamanci da Bambanci

Bambancin a fili yake: wancan ruwan gishiri ne, wannan ruwan daɗi, can mutum ɗaya ne da fatsarsa, nan taron gari ne da kiɗa da kirari. Kamancin kuwa ya fi muhimmanci. A duka wuraren biyu, babban kifi yana zuwa hannu ne gab da lokacin haihuwarsa, saboda haka kowace al'umma ta ga wajibcin ta kafa iyaka. Abin da lasisi yake yi a Alaska, shi umarnin Sarkin Ruwa yake yi a Argungu.

A Nijeriya, Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya wajen su. Duk da haka, akan sami masu zuba maganin ƙwari a ruwa, ko masu ja da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako. Ga ruwa kamar na Jibiya, wanda jama'ar ƙasashe biyu suke amfana da gulbinsa, ɓarnar mutum ɗaya takan shafi garuruwa da dama.

Shawara ga Malami

Yawancin yaran da malami zai koyar ba su taɓa ganin teku ba, saboda haka ya fara daga abin da suka sani. Ya sa su lissafo sunayen kifaye da kayan su na garinsu, ya kawo fatsa ko koma cikin aji, ko ya gayyato dattijon masunci ya yi musu bayani. Bugu da ƙari, ya yi amfani da karin magana irin su "kifi na ganin ka mai jar koma" da kuma "kifin rijiya" wajen koyar da adabin baka. Daga nan sai ya kai su Argungu, kafin ya tsallaka da su teku.

Kammalawa

Darasin ya nuna cewa su ya kasu zuwa na sana'a da na nishaɗi, kuma manyan kifaye sun fi kamuwa a ƙarshen lokaci, ko a gurbin gulbi da bazara ko a bakin teku da kaka. Haka nan ya nuna cewa ɗorewar wannan abin alfahari ta dogara ne ga kiyaye dokar ruwa.

Auna Fahimta

1. Mene ne su? Kawo kayan aikinsa guda biyar.
2. Me ya sa ake samun manyan kifaye da bazara?
3. Yi bayanin asalin bikin kamun kifi na Argungu.
4. Kwatanta aikin Sarkin Ruwa da dokokin kamun salmon.
5. Tsara darasin minti 35 a kan sana'ar su don 'yan aji biyar na firamare.