Metokulofiramid: Sinadarin da ke Tsayar da Amai

Gabatarwa

A Dalijan, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo, da wuya a sami gidan da ba a taɓa aika yaro kemis ya sayo "maganin amai" ba, ko don mai zazzaɓin cizon sauro, ko mai laulayin ciki, ko mai gudawa. Ɗaya daga cikin magungunan da aka fi bayarwa shi ne metokulofiramid, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Maxolon da Plasil. A wannan darasi za mu duba abin da ya ƙunsa, da yadda yake aiki, da kuma dalilin da ya sa ƙwayarsa guda kan iya murɗe wuyan yaro.

Yadda amai ke faruwa

Amai kariya ce da jiki ke yi wa kansa don fitar da guba. Daga ciki abinci ke fitowa, amma daga ƙwaƙwalwa umarnin ke zuwa. A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai cibiyar amai. Kusa da ita akwai wani ɗan wuri da za mu kira "mai gadi", wanda masana biyu, Borison da Wang, suka bayyana aikinsa a farkon shekarun 1950. Akasarin ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke hana abubuwa da yawa na cikin jini shiga, amma shi mai gadi ba shi da cikakken shinge, don haka kullum yana ɗanɗana jini. Da ya ji guba sai ya kai rahoto cibiyar amai. Hanji ma yakan aika nasa rahoton ta wata doguwar jijiya, haka kuma can cikin kunne idan mota tana jijjiga mutum. Sinadarai ne ke ɗaukar waɗannan saƙonni, irin su dofamin da sirotonin da histamin, kowanne da makarɓinsa a jikin ƙwayar jijiya, kamar mabuɗi da kwaɗonsa.

Ƙirar sinadarin

A Faransa aka fara bayyana metokulofiramid a shekarar 1964. Ana rubuta shi C14H22ClN3O2, wato ƙwayoyin zarra 14 na kabon, 22 na haidurojin, 1 na kulorin, 3 na naiturojin, da 2 na oksijin. Ginshiƙinsa zobe ne mai kabon shida, da wata jela mai naiturojin a gefe.

Asalinsa daga wani maganin daidaita bugun zuciya ne mai suna furokenamid, C13H21N3O. An cire haidurojin biyu daga zoben, aka sa kulorin a gurbin ɗaya, aka sa rukunin OCH3 a gurbin ɗayan. Wannan ɗan sauyi kaɗai ya mayar da maganin zuciya ya koma maganin amai. Darasin a nan shi ne: siffar sinadari ita ke yanke irin makarɓin da zai kama. Ana haɗa shi da asid ya zama gishiri mai narkewa a ruwa, shi ya sa ake samunsa a ƙwaya da ruwan sha da allura.

Aikinsa a jiki

Maganin yana da ayyuka biyu. Na farko, yana shiga makarɓin dofamin na wurin mai gadi ya toshe shi, kamar mabuɗin da ya shiga kwaɗo bai buɗe ba, kuma ya hana na ainihin shiga. Ta haka rahoto ba ya isa cibiyar amai. Na biyu, yana ƙarfafa motsin ciki, ya ƙara matse ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da ciki, abinci ya gangara hanji da wuri.

Idan an sha ƙwaya, takan fara aiki cikin minti 30 zuwa 60. Bayan kimanin awa 5 rabin maganin ya bar jini, kuma mafi yawansa ta fitsari yake fita, don haka ake rage wa mai ciwon ƙoda. Amma ba ya tsinana abin kirki ga aman mota, domin saƙon kunne ba dofamin ke ɗauke da shi ba.

Inda haɗarin yake

Dofamin ba amai kaɗai ya shafa ba. Shi ne kuma ke daidaita motsin tsoka a wani sashe na ƙwaƙwalwa. Metokulofiramid yana ƙetare shingen ya isa can. Idan ya yi yawa, cikin kwana ɗaya ko biyu sai wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, muƙamuƙi ya ƙage, harshe ya zazzago, alhali mutum yana cikin hayyacinsa. Yara da 'yan mata sun fi faɗawa wannan hali. A gida akan ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wani wuri, alhali allura guda a asibiti kan warware shi. Tun da sanƙarau ma yana ƙage wuya, kuma Jihar Kebbi tana cikin yankin da yake ɓarkewa, wajibi ne a garzaya asibiti, a tafi da kwalin maganin.

A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa daɗewa ana shansa kan jawo motsin baki da fuska wanda ba lalle ya warke ba. A 2013 takwararta ta Turai ta taƙaita shansa zuwa kwana 5, babba kada ya wuce miligiram 10 sau uku a rana, kada kowa ya wuce miligiram 0.5 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, kuma ta hana ba jaririn da bai kai shekara ba. Mu yi lissafi: yaro mai kilo 15 iyakarsa miligiram 7.5 a yini. Ashe ƙwayar babba guda ta zarce rabonsa na yini ɗungum. Haka nan bai dace da mai farfaɗiya ko mai toshewar hanji ba.

Kammalawa

Tsayar da amai daban, warkar da cuta daban. A amai da gudawa, kamar kwalarar da ta addabi Kebbi da wasu jihohi a 2021, ƙarewar ruwan jiki ke kisa. Ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan a kai a kai, shi ne matakin farko. Mai zazzaɓi a gwada jininsa, mai ciki ta tuntuɓi ma'aikatan awo, sannan a duba lambar NAFDAC a kowane kwali.

Tambayoyi

1. Lissafa nauyin C14H22ClN3O2, idan C=12, H=1, Cl=35.5, N=14, O=16.
2. Miligiram nawa ne iyakar yarinya mai kilo 40 a yini?
3. Me ya sa maganin amai ke iya murɗe wuya?